Ƙwallon Goruba a Bakin Rijiya

Ni Yusha'u, ba a taɓa yi mini wayo ba. Kowa a garinmu, nan kusa da Bazaga, ya san haka. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko lambar mota ban iya karantawa, amma fuskar mutum tun daga nesa nake karanta ta. Yunwar tamanin da huɗu ta same ni, ta gaji ta tafi ta bar ni. Na faɗo daga saman kamiyon siminti a Malbaza, mota na gudu, na tashi na kakkaɓe riga. Kububuwa ta sare ni a yatsa, ita ta mutu. Duk wanda ya ji sai ya ce, "Kai, Yusha'u, ka yi dace." Ni kuwa in ce mishi babu wani dace. Bayan ikon Allah, wayona ne. Abin da mutane ke kira dace, in ka tona shi da kyau, hannun wani za ka tarar a ƙasa.

Haka nake faɗi har bazarar bara, da munka raba gandu.

Gandun da ubanmu ya bari, ni da ƙanena Idrissa munka noma shi tare shekara arba'in. 'Yan'uwanmu mata an fidda musu nasu tun tuni. Da ɗiyanmu sunka girma, kowa da iyalinshi, sai ƙananan maganganu sunka soma: wane bai fito noma da wuri ba, wane ya bar awaki sun shiga wake. Munka ce gara a raba tun muna da rai. Liman ya zo da igiya ya auna, gona ta rabu biyu daidai. Ga tudu, inda gero ke yi in damina ta yi kirki. Ga gangare, inda rijiya take.

Rijiyar nan ni na gina ta, shekara guda bayan yunwa. Gaba goma sha ɗaya, da diga da hannuna. Ta taɓa rufto mini ina ciki, ƙasa har wuya, na fito. Ita ke ba mu albasa da rani, ita ke shayar da bisashe in tabki ya ƙafe. Saboda haka a gaban Maigari Mahmud na ce gangare nawa ne, babu sauran zance.

Idrissa ya ce, "Yaya, kai ka gina, gaskiya ne. To wa ya ja ƙasar guga-guga? Ranar da ta rufta, wa ya tone ka?"

Na ce, "Na kusa fitowa da kaina ka iso."

Maigari ya dube ni, ya dubi Idrissa, ya ce, "Ƙuri'a."

A garinmu ga yadda ake yi. Kowane cikin masu rabo ya samo wani ɗan abu, tsakuwa ko kara ko ƙwallo, ya danƙa wa Maigari a ɓoye. Maigari ya sa su a faifai. Sai a zauna bakin hanyar da ta bi ta gefen gonar, a jira. Mutum na farko da ya biyo hanya, in dai ba ɗan gari ba ne, namiji ko mace, shi ake ba faifan, ya tafi ya aje abu guda a wanga ɓangare, guda a wancan. Inda naka ya sauka, nan ne naka. Bayan haka akwai kwana bakwai kafin a dasa aguwa a iyaka. Cikin kwanakin nan wanda ke da zargi yana iya cewa a sake, sau guda. Wanda kuwa anka kama ya sa hannu a ƙuri'a, ya rasa zaɓi, kuma a faɗi sunanshi a ƙofar masallaci bayan Juma'a.

To ni, in bar rijiyata a hannun duk wanda iska ta kwaso? Ban yi tsufan banza ba.

Ina da aboki, Alkasum, a wani ƙauye gaba da namu. Tare munka yi lodin siminti a Malbaza muna samari. Yanzu amalanke yake ja da jaki, yana kai itace kasuwa. Na same shi ƙarƙashin itacen bedi yana gyaran linzami.

Na ce, "Ranar Litinin da hantsi za ka biyo hanyar gonarmu."

Ya ce, "Ba hanyata ba ce."

"Ranar nan hanyarka ce. Za a tare ka, a ba ka faifai. Ƙwallon goruba nawa ne. Ka kai shi bakin rijiya. Kuma ba ka san ni ba sosai, gaisuwa kawai."

"Yusha'u, tsohon banza, in anka gane fa?"

"Wa zai gane? Ni na shirya."

Ya yi dariya, ya ce ya ji. Na ce kada ko matarshi ta sani. Ya ce haba, shi yaro ne?

Litinin da safe munka zauna inuwar gawo a bakin hanya, ni da Idrissa da Maigari da Liman da dattawa kamar shida. Faifai na gaban Maigari, an rufe shi da wani. Rana ta ɗaga. Ina zance da Liman, amma kunnena na kan hanya, ina jiran ƙarar amalanke. Shiru. Hantsi ya yi, ya soma zafi. Na lura Idrissa ma ba ya zance. Ya sa gemu a hannu, idonshi a kan hanya, daidai inda Alkasum zai ɓullo. Na ce a raina, wanga mi yake leƙe?

Sai ga mutum daga ɗaya gefen, daga wajen babbar hanya. Mace ce, dattijuwa, da ƙunshi a ka da kaza a hammata, tana ɗan ɗingishi.

Na yi wuf na ce, "Ranka shi daɗe, mace ce, kuma da gani ta gaji. A bar ta ta wuce."

Maigari ya ce, "Mutum na farko aka ce, Yusha'u. Ko akwai wanda kake jira?"

"Ni? Wa zan jira?"

Anka yi mata sallama. Ta ce sunanta Zulaiha, daga Dogarawa. Ɗiyarta ta haihu a ƙauyen da ke bayan namu, gobe suna. Motar hayar da ta shigo ta lalace a hanya, ta gaji da zama, anka nuna mata yanke. Maigari ya yi mata bayani. Ta ce, "Yo ni mi na sani a gonarku?" Maigari ya ce shi ya sa ake son ta. Ta aje ƙunshi, amma ta ƙi aje kaza, wai ƙafarta ba ta ɗauru da kyau ba. Ta karɓi faifai da hannu guda. Na leƙa: ga gorubata, ga guntun kara, na Idrissa.

Munka tsaya daga nesa muna kallo. Ta gangara, ta kai bakin rijiya, ta duƙa, ta miƙe. Ta hau tudu a hankali, ta duƙa, ta komo. Munka tafi dukanmu. A jikin bakin rijiya, cikin damshi, ga ƙwallon goruba zaune.

Dattawa sunka ce, "Yusha'u, barka. Ka yi dace."

Na juya in ga fuskar Idrissa, in ga baƙin cikin da ya kamata in gani. Mutumin nan murmushi yake yi. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi!" har sau biyu, kamar wanda aka yi wa albishir. Ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ciro goro daga aljihu ya ba matar, har ya taya ta aza ƙunshi.

Nan take daɗin ya fita daga bakina.

Da na koma gida, matata Hassana ta yi guɗa. Na ce ta yi shiru.

Ta ce, "Maigida, ba rijiyar kake so ba?"

"Ita nake so."

"Ba ka samu ba?"

"Na samu. Shi ne abin dubawa. Mutum ya yi wata uku yana jayayya da ni kan rijiya, ya rasa ta, ya yi hamdala har da kyautar goro? Matar daga ina ta ce take?"

"An ce Dogarawa."

"Balki matar Idrissa, ina ne garin uwarta?"

Hassana ta ce, "Dogarawa."

"To."

"Dogarawa gari ne guda, Maigida, ba gida guda ba."

Na ce ita ba ta san duniya ba. Ni na ga lissafin sarai. Idrissa ya tare Alkasum, ya kawo tashi baƙuwar, ya sa ta ba ni rijiya da gangan. Abin da ya rage in gano shi ne dalili. Ko rijiyar ta kusa mutuwa ya sani, ko akwai wani abu a tudu da ban sani ba. Ina da kwana bakwai. In na tabbata, in ce a sake ƙuri'a. In an sake, ina iya rasa rijiyar, na sani. Amma in zauna a ce an yi wa Yusha'u wayo ya karɓa yana godiya? A'a.

Washegari na ɗaura igiya a gungumen bakin rijiya na sauka, da shekaruna saba'in da biyu. Na shafa bango gaba-gaba, ina neman tsaga. Babu. Na ɗanɗana ruwa, garɗi kamar kullum. Na sa ƙafa na ji idon ruwa na motsi a ƙarƙashi. Da na fito, Hassana na tsaye da hannu a ka tana salati.

To in ba rijiya ba, tudu ne. Na ji ana sayen wani farin dutse a kai Malbaza don siminti. Na kuma ga garuruwan da anka kafa dogon ƙarfen salula a gonar mutum, ana biyan mai gonar kuɗi, ya huta. Da tsakar rana, lokacin da kowa ke cikin inuwa, na ɗauki diga na hau tudu. Na haƙa rami biyar, kowane har gwiwa. Rairayi, rairayi, sai ramin gafiya guda. Na mayar da ƙasa na share sawu da reshe. Da la'asar Idrissa ya wuce ta ƙofar gidana, ya ce, "Yaya, sannu da rana." Sannu da rana. Wato ya gan ni.

Rana ta uku na tafi wurin Alkasum. Na tarar da shi kwance bisa tabarma, an ɗaure mishi ƙugu da rawani. Amalanke na jingine, ƙafa guda a karkace.

Na ce, "Mi Idrissa ya ba ka?"

"Ka gaishe ni tukuna, marar tausayi. Ka gan ni a kwance."

"Sannu. Mi ya ba ka?"

"Wallahi na fito tun da sanyi. Na kai wurin tsohon kwarin nan, sai wata jakanya ta ɓullo daga cikin sabara, ban san ta wa ba ce. Wanga la'ananne," ya nuna jakin da ke ɗaure yana cin kara kamar ba shi ba, "ya ɗaga kai ya yi kuka, ya bi ta da amalanke da itace da ni duka. Na ja linzami har hannuna ya tsage. Dubi. Sai cikin kwari. Ƙarƙashin itace anka zaro ni."

Na duba hannun, tsagar gaskiya ce. Na duba amalanke, karayar gaskiya ce. Na je na tsaya gaban jakin na dube shi ido cikin ido. Bai sunkuyar da kai ba.

Na ce, "Jakanyar nan, daga wane gefe ta fito? Gefen garinmu?"

Alkasum ya ce, "Yusha'u, ka samu rijiyarka, ni na samu karyayyen ƙugu. Tafi ka ba ni wuri."

Saura matar. Rana ta biyar na hau kabu-kabu zuwa Ƙonni, daga nan na shiga motar haya sai Dogarawa. A tasha na fara da direba. Ban sha wuyar samun shi ba, kowa ya san motar da ta kwana a hanyar Bazaga. Ya ce wata igiyar roba ce ta tsinke cikin inji. Na ce ya nuna mini. Ya dube ni kamar ni jandarma ne, amma ya zaro ta daga ƙarƙashin kujera. Na juya ta a rana, ina neman yankan wuƙa. Babu yanka. Tsufa ya cinye ta, duk ta yi zare-zare.

Zulaiha na same ta a ƙofar gidanta tana tsince wake. Ta gane ni.

"A'a, Baba mai gona! Lafiya? Ko na ɓata muku rabo?"

"Lafiya lau. Wucewa nake, na ce in gaishe ki."

"Wucewa, daga Bazaga, ta ƙofar gidana? To sannu da wucewa."

Ta kawo ruwa. Na sha kaɗan. Na tambayi mai jego da jariri. Sannan na ce, kamar ba komai, "Ina labarin Balki?"

"Balki wace? Balki a garin nan sun fi ashirin."

"Wadda ke aure a garinmu. Matar wanda ya ba ki goro."

"Wanda ya ba ni goro na san shi, don shi kaɗai ya ba ni. Kai da ka ci rijiya ko na gode ba ka ce ba."

Na haɗiye wannan. Na ce, "To gaya mini tsakani da Allah. Mi ya sa kika aje goruba a rijiya? Wa ya ce ki yi haka?"

Ta aje faifan wake ta yi dariya har da tafa cinya.

"Baba, in gaya maka gaskiya? Ni karan na yi niyyar ajewa a rijiya, don shi ya fi kusa da yatsana. Ina isa bakin rijiya, kazar nan ta ga ruwa a kwamin shayar da bisashe, ta yi fuffuka za ta ƙwace. Na matse ta, faifai ya karkace, goruba ta faɗi ta gangara ta tsaya jikin rijiya. Na duƙa in ɗauka, ƙuguna ya ce ƙas. Ga rana, ga maza goma sun zuba mini ido. Na ce, yo tunda ta zauna, a bar ta nan. Na kai kara tudu."

"Kaza."

"Kaza."

"Ina kazar?"

"Za ka yi mata tambaya ita ma? Mai jego ta sha romonta tun ranar suna."

Na komo gida da ciwon baya da kai cike. Jaki ya ga jakanya. Roba ta tsufa. Kaza ta ji ƙishirwa. Kowane labari na duba, ban ga ɗinki ba. Hassana ta ce to sai in yi hamdala in huta. Na ce shi ne abin da ya dame ni: labarin ya yi daidai da yawa. Kuma duk cikinsu babu wanda ya gaya mini abin da ya sa Idrissa murmushi. Murmushin nan na gan shi da idona. Na yanke shawara: a sake.

Rana ta bakwai munka taru a gona. An sare rassan aguwa an tara, ga masu dasawa da dagi a hannu. Mutane sun fi na ranar ƙuri'a yawa, ɗiyana da na Idrissa duk suna nan. Maigari ya tsaya a kan iyaka ya ce, "Kwana bakwai sun cika. Akwai mai magana kafin a dasa?"

Na ce, "Ina da magana."

Maigari ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Bai yi mamaki ba, wannan na lura. Har ya gyara tsayuwa kamar wanda ya daɗe yana jira.

Idrissa ya yi sauri ya ce, "Ranka shi daɗe, bari in ga Yaya tukuna." Ya kama hannun rigata. Na fizge, ya sake kamawa. Tun muna yara bai taɓa ja na haka ba. Na bi shi don in ji ƙaryar da zai yi. Munka tsaya bakin rijiya, inda ba mai jin mu.

Ya ce, "Yaya, kada ka ce a sake."

"Ashe. Tsoro kake ji? Mi ka binne a tudu?"

"Babu komai a tudu sai ramukanka biyar. Saurara. Saude matar Alkasum ta gamu da Balki wurin injin niƙa, kwana uku kafin ƙuri'a. Ta gaya mata komai. Litinin, hantsi, ƙwallon goruba."

Na dubi cikin rijiya.

"Raina ya ɓaci, na tafi na gaya wa Maigari. Kafin in kai gida na yi nadama, amma magana ta riga ta fita. Maigari ya ce kada a ce maka komai. In Alkasum ya ɓullo, zai sa Liman ya ba shi Alƙur'ani ya rantse a gaban kowa. Ka san Alkasum ba zai rantse ba."

Na san ba zai rantse ba. Mutumin da bai iya riƙe magana gaban matarshi ba.

"Da rijiya ta zama tawa ba ƙuri'a. Da ranar Juma'a an faɗi sunanka a ƙofar masallaci, jikokinka na ji. Ranar nan da kake leƙen hanya, ni ma ita nake leƙe. Kai kana roƙon Allah ya kawo shi, ni ina roƙon Allah ya hana shi. Da na ga matar nan da kazarta, ji na yi kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Ko a ina ta aje gorubar, hamdala zan yi."

"Yanzu fa?"

"Yanzu Maigari ya ce tunda hannun bai kai ga faifai ba, ya rufe bakinshi. Amma in ka ce a sake, zai tambayi dalili, kuma zai aika a ɗauko Alkasum ko a kan tabarma ne."

Na daɗe ina kallon ruwa. Can ƙasa ga kaina ga kan Idrissa, kamar ranar da ta rufta, da na ɗaga ido na ga kanshi a sama yana kiran sunana. Na zauna bisa gungume. Ba don komai ba, na sha tafiya cikin satin.

Na ce, "Idrissa, gaya mini abu guda. Jakanyar nan, ba kai ka sake ta ba?"

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. "Yaya, ni da ko jaki ban da shi?"

"Ana aro."

"Tashi mu tafi, ana jiran mu."

Munka komo. Maigari ya ce, "Muna jin ka, Yusha'u."

Na gyara murya. Na dubi jama'a, duk ido na kaina, yadda ya kamata. Na ce, "Ranka shi daɗe, maganata ita ce, in za a dasa aguwa, a bar ƙofa daidai rijiya, faɗin da saniya biyu za su wuce. Bisashen Idrissa da na ɗiyanshi nan za su sha, har bayan raina. Ni na gina ta, amma shi ya ja ƙasa."

Liman ya ce, "Madalla." Dattawa sunka ce, "Madalla da babban wa."

Maigari ya ce, "Ita ke nan maganar?"

"Ita ke nan."

"To. Na ɗauka doguwa ce." Ya riƙe idona ɗan lokaci, sannan ya ce wa masu dagi su dasa.

Rijiya tana hannuna, sunana yana inda yake. Na zauna na bi abin daki-daki, ni da na iya bin abu, ban sami hannun kowa ba sai na Allah. Duk dabarar da na ƙulla da wayona ita ce ta kusa kai ni ƙasa. Abin da ya tsamo ni kuwa jaki ne marar kunya, da tsohuwar roba, da kaza mai ƙishirwa, ba wanda ya san da ni cikinsu. Har ya sa na tuna ranar kamiyon Malbaza. Gaskiya ne na iya faɗuwa, na dunƙule jiki yadda ya kamata. Amma akwai tarin rairayi a gefen hanya daidai wurin, wanda wani ya zuba don gini. Ban taɓa sa shi cikin labarin ba. Yanzu ina sa shi, wani lokaci.

Kaza ta riga ta shiga tukunya, ba yadda zan yi da ita. Zulaiha na aika mata kwandon albasa na farko da rani. Jakin Alkasum kuwa duk Juma'a ina kai mishi dussa da kaina. Alkasum ya ce shi da ya karye ba a kawo mishi komai, sai wanda ya karya shi. Na ce shi ya je ya tambayi Saude dalili.

A bakin hanya, ƙarƙashin gawon da munka zauna, na kafa randa. Kowace safiya ina cika ta da ruwan rijiyata, in aza moɗa a kai, don duk wanda ya biyo hanya. Ban san wanda zai zo ba, kuma na bar shiryawa. In na ga baƙo ya tsaya ya sha, ina yi mishi sannu, in ce Allah ya kai shi lafiya. Sannan in tambaye shi daga ina, zuwa ina, kuma wa ya nuna mishi wagga hanya.